Wasannin Tanti a Talabijin na Yara da Kamfanonin da Suka Ɗauki Nauyinsu: Tambayoyi da Amsoshi

Masu nazarin tarihin talabijin, ɗaliban aikin jarida, da waɗanda suka ci karo da tsofaffin hotunan baƙi da fari a YouTube sukan maimaita tambayoyi iri ɗaya kan shirye-shiryen yara na farko da aka gina a kan wasan tanti. Na tattara su a nan, daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Yawancin bayanin ya shafi Amurka, domin a can abin ya fi bunƙasa, a can kuma 'yan kasuwa suka fi sa hannu.

Mene ne wasan tanti, kuma yaya ya shiga talabijin?

Wasan tanti, wanda Turawa ke kira sakas, ayari ne na 'yan wasa da ke yawo gari-gari. Sukan kafa ƙaton tanti, su zana da'ira a tsakiya, jama'a su zauna a kewaye. A cikin da'irar ake ganin 'yan alkafura, masu tafiya kan igiya, masu shillo a can sama, masu horar da dawaki da giwaye, da 'yan barkwanci masu shafe fuska da farin kwalli da jan hanci. Akwai sarkin fage mai doguwar hula da usur, shi ke sanar da kowane wasa. Wanda ya taɓa tsayawa kallon gardawa da kurarsu ranar kasuwa, ko 'yan kama suna sa taro dariya, ya san irin armashin, sai dai wannan an tattara komai wuri guda, ana kuma biyan kuɗin shiga.

Da talabijin ta fara yaɗuwa a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai tashoshi suka ɗauko wannan tsari kacokan, suka sa shi gaban kyamara, suka cika kujeru da yara.

Me ya sa aka zaɓi wasan tanti, ba tatsuniya ko wasan kwaikwayo ba?

Saboda ya dace da raunin talabijin ta lokacin. Allon ƙarami ne, hoton baƙi da fari, wani lokaci dishi-dishi. Abin da ke buƙatar dogon zance ko kallon ƙwayar ido ba ya fitowa da kyau, amma mutum yana juyi a sama kowa zai gane. Ga shi kuma ba a buƙatar marubuci ya zauna ya ƙirƙiri sabon labari kowane mako: 'yan wasan sun shekara suna maimaita abinsu, kowa na da minti biyar ko shida da ya ƙware a kai, sai a jera su. Tsakanin wasa da wasa akwai ɗan gibi na kwashe kaya, kuma wannan gibin shi ne wurin talla, kamar yadda za a gani a amsar da ta yi bayanin yadda ake tallan.

Akwai dalili na biyu. A 1950 gidajen da ke da talabijin a Amurka ba su kai ɗaya cikin goma ba, zuwa 1960 sun kusa tara cikin goma. A shekarun farko babban burin masana'antar shi ne a shawo kan maigida ya sayi akwatin. Shirin da zai zaunar da yara, uwa da uba su ma su kalla ba tare da jin kunya ba, hujja ce mai ƙarfi ta sayensa.

Wane shiri ne ya fara yin fice?

Super Circus. An fara shi a tashar WENR ta birnin Chicago a 1948, sannan kafar ABC ta fara watsa shi ga sauran birane a Janairun 1949, watan da aka haɗa layin talabijin na gabashin ƙasar da na tsakiyarta. Kai tsaye ake yin sa, awa guda, ranar Lahadi da yamma. Sarkin fage Claude Kirchner ne, dogon mutum mai kakkarfar murya wanda ya fito daga aikin rediyo. 'Yan barkwancin uku ne: Cliffy, Nicky da Scampy, kuma Scampy yaro ne ke taka rawarsa, abin da ya sa yaran da ke kallo suke ganin kamar ɗayansu ne ya shiga fagen.

A ƙarshen 1955 aka mayar da shirin New York, aka sauya ma'aikatan gaba ɗaya, aka ba ɗan wasan barkwanci Jerry Colonna sarautar fage. Bai wuce tsakiyar 1956 ba. A ganina wannan sauyi ya nuna abin da masu shirin suka kasa ganewa: yara ba giwa kaɗai suke zuwa gani ba, fuskokin da suka saba da su suke nema.

Wace ce Mary Hartline, da sunanta ke yawan fitowa?

Ita ce tauraruwar Super Circus. 'Yar wani ƙaramin gari ce mai suna Hillsboro a jihar Illinois, a can kuma ta rasu a 2020. Aikinta a shirin shi ne ta jagoranci makaɗa da sanda a hannu, ta taimaka a wasannin da ake yi da yara, ta kuma yi talla. Tana sa gajeriyar jar riga mai alamar zuciya a ƙirji da fararen dogayen takalma. Masu kallo ba sa ganin jan a allo, sai a jikin 'yartsanar da aka ƙera da siffarta, wadda kamfanin Ideal ya fitar.

Muhimmancinta a wannan tarihi shi ne tana cikin mutanen farko da talabijin ta mayar da sunansu haja. Ban da 'yartsana, an sayar da riguna, takalma da sanduna masu ɗauke da sunanta. Yarinya ta kalli shirin ranar Lahadi, ranar Asabar ta ga fuskar nan a kanti. Wannan hanya ta samun kuɗi daban take da ta kamfanin da ya ɗauki nauyin shiri, amma suna ƙarfafa juna.

Shirin The Big Top fa? Wasu na kiransa Sealtest Big Top.

Shiri ɗaya ne. CBS ta fara shi a Yulin 1950, tashar WCAU ta Philadelphia ke shirya shi, da farko a wani babban zauren taro a Camden da ke jihar New Jersey, tsallaken kogi. Daga 1951 ya koma tsakar ranar Asabar, ya ci gaba har 1957. Sarkin fage Jack Sterling ne. Sealtest kamfanin madara da askirim ne, kuma saboda shi ke biyan kuɗin shirin aka manna sunansa a gaba. Har ƙaƙƙarfan shirin, Dan Lurie, mai ɗaga ƙarfe yana nuna ƙwanji, an laƙaba masa sunan kamfanin, don yaro ya haɗa madara da ƙarfi a ransa.

Cikin 'yan barkwancin akwai Ed McMahon, wanda daga baya ya shekara 30 a gefen Johnny Carson a shirin dare na NBC. Irin wannan sa suna ba Sealtest kaɗai ya yi ba: akwai Tootsie Hippodrome na masu alewar Tootsie Roll, da Candy Carnival na masu alewar M&M's, duka a farkon shekarun 1950.

Me ake nufi da ɗaukar nauyi a lokacin? Ba talla ba ce kawai kamar ta yau?

Akwai bambanci babba. Yau tasha ke da shiri, ta yanka lokacin talla gutsi-gutsi ta sayar wa kamfanoni da yawa. A farkon talabijin an gaji tsarin rediyo ne: kamfani ya sayi awa guda ko rabin awa sukutum, ta hannun kamfanin dillancin talla, shirin ya zama kamar nasa. Wuƙa da nama suna hannunsa. Yana iya sa baki kan wanda zai gabatar, abin da za a faɗa, da inda za a rataye tambarinsa a bayan fage. In ya janye kuma ba a sami wani ba, tasha ce za ta ɗauki asarar, kuma ba kasafai take jurewa ba.

Da kuɗin shiri ya yi yawa, sai aka fara raba nauyin: wani ya ɗauki rabin awar farko, wani ta biyu, ko a riƙa karɓa-karɓa mako-mako. Haka Super Circus ya yi aiki da kamfanoni da dama a tsawon shekarunsa: Kellogg's mai abincin karin kumallo na kwali, Mars mai cakulan, Canada Dry mai lemon kwalba, da takalman yara na Weather-Bird.

Me ya sa kayan iri ɗaya ne kullum: alewa, madara, burodi, takalma?

Domin yaro ba shi da kuɗi, amma yana da naci. Abin da aka fi tallatawa shi ne mai araha, wanda ake saye kowane mako, wanda uwa za ta iya miƙa wa yaro don ya bar ta ta huta. Shi ya sa ba a tallata mota ko firiji a nan. Takalmi ya fi tsada, amma ƙafar yaro ba ta tsayawa, bayan 'yan watanni sai an sake. Lokacin kuma an yi haihuwa sosai a Amurka: daga 1954 zuwa 1964 ana haifar jarirai sama da miliyan 4 a shekara. Kasuwa ce da ke ƙaruwa kullum.

Kamfanonin sun kuma yi dogon lissafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da man goge baki iri ɗaya yana ɗan shekara shida, da wuya ya canza in ya girma ya yi iyali.

Yaya ake yin tallan a cikin shirin?

Nan ne abin ya fi bambanta da abin da muka sani yau. Ba a tsayar da shirin a sa wani hoto daban. Sarkin fage da kansa, da hularsa da usurinsa, zai matsa gefe ya ɗauki kwali ya yaba shi da muryar da ya sanar da 'yan shillo yanzun nan. Ɗan barkwanci zai ci cakulan ya lumshe ido. Yaran da ke zaune su rera waƙar kamfanin. Ƙaramin yaro da ke gida ba shi da hanyar da zai gane inda wasa ya tsaya, ciniki ya fara.

Sai kuma kyaututtukan wasiƙa. A ce wa yaro ya yanko murfin kwali ko ya tara takardun alewa, ya haɗa da 'yan kwabbai ya aika, a turo masa 'yartsanar hannu ko baji. Wannan na yi wa kamfani aiki biyu: an sayi kayan, an kuma ƙirga wasiƙun an san yawan masu kallo, a zamanin da awon masu kallo bai yi ƙarfi ba. Fuskokin shirin kuma sukan bi yaro har teburin abinci. Kellogg's ya sa hoton Cliffy a kwalin Sugar Smacks, wanda ya fito a 1953, abincin da fiye da rabin nauyinsa sukari ne.

Ba na ganin 'yan wasan a matsayin mayaudara. Mutane ne masu sana'a, kuma farin cikin da suka ba yara na gaske ne. Amma amanar da yaro ya ba ɗan barkwancin da yake so, ita aka ɗauka aka sayar wa kamfani, kuma yaron bai sani ba. Martanin da hakan ya jawo yana cikin amsar da ta shafi ƙorafin iyaye.

Howdy Doody yana cikin wannan rukuni?

Rabi da rabi. NBC ta fara shi ranar 27 ga Disamban 1947, ya kai 1960. Ginshiƙinsa 'yartsana ce mai zare, yaro ɗan kaboyi mai ɗige-ɗige 48 a fuska, adadin jihohin Amurka a lokacin, tare da mai gabatarwa Buffalo Bob Smith. Amma a farkonsa an tsara fagen kamar tantin wasa, kuma yana da ɗan barkwanci Clarabell, wanda ba ya magana, sai matsa oda da fesa wa mutane ruwa. Bob Keeshan ne ya fara taka rawar, kafin ya kafa nasa shirin Captain Kangaroo a 1955.

A fannin talla, Howdy Doody ya fi kowa ƙwarewa. Colgate, burodin Wonder, kayan inabi na Welch's da takalman Poll-Parrot duk sun ratsa ta cikinsa. Welch's ya riƙa sayar da kayansa a kofunan gilashi masu hoton taurarin shirin, in an cinye a wanke a riƙa shan ruwa da su. A shirin ƙarshe, ranar 24 ga Satumban 1960, Clarabell ya buɗe baki karo na farko, ya yi wa yara ban kwana da kalma biyu.

Da gaske ne Ronald McDonald, ɗan barkwancin tallan shagunan abinci na McDonald's, daga shirin Bozo ya samo asali?

Da gaske ne. Alan Livingston ne ya ƙirƙiro ɗan barkwanci Bozo a 1946 a kamfanin faifai na Capitol, a matsayin faifan labari da littafinsa. Pinto Colvig ya fara fitowa da shi a talabijin a tashar KTTV ta Los Angeles a 1949. Daga baya Larry Harmon ya sayi haƙƙin sunan, ya fito da wata dabara: kowace tasha ta biya lasisi, ta nemo nata Bozo, ta nemo masu ɗaukar nauyi daga garinta. Wanda ya fi daɗewa shi ne na tashar WGN ta Chicago, inda Bob Bell ya fara a 1960, aka buɗe Bozo's Circus a 1961, shirin ya kai 2001. An kai lokacin da iyali kan jira shekara goma kafin su sami tikitin shiga. Babban wasansa shi ne jefa ƙwallon tebur cikin bokitai shida a jere, wanda ya ci na shida ya tafi da keke.

A birnin Washington, Willard Scott ne Bozo daga 1959 zuwa 1962, kuma masu shagunan McDonald's na yankin ke tallata abincinsu a shirin. Da shirin ya tsaya, sai suka ga ba za su iya rasa ɗan barkwanci ba. A 1963 Scott ya fito a matsayin Ronald McDonald, da kofin takarda a hanci da faranti a ka. Kamfani ya daina haya ɗan barkwancin wani, ya ƙera nasa.

Ba wanda ya yi ƙorafi a kan sayar wa yara kaya ta wannan hanya?

An yi, amma ya ɗauki lokaci kafin ya yi tasiri. A 1961 shugaban hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, Newton Minow, ya tsaya gaban masu tashoshi ya kira talabijin ɗinsu ƙaton fili mara amfani, ya kuma ambaci shirye-shiryen yara. A 1968 wasu iyaye mata a garin Newton na jihar Massachusetts, cikinsu har da Peggy Charren, suka kafa ƙungiyar Action for Children's Television. Cikin manyan buƙatunsu akwai hana mai gabatar da shirin yara yin talla da bakinsa.

Ƙungiyar masu tashoshi ta sa wannan hani a ƙa'idojinta a 1973, FCC ta ƙarfafa shi a 1974, ta kuma nemi a raba shiri da talla a fili. Dokar 1990 ta ƙayyade tallan shirin yara: minti 10 da rabi a awa ranakun ƙarshen mako, minti 12 sauran ranaku. Sai dai kafin duk wannan ya zo, Super Circus da The Big Top sun daɗe da rufewa.

A wasu ƙasashe ma haka abin ya kasance?

Ya danganta da wanda ke biyan kuɗin talabijin. A Brazil, inda tashoshi na 'yan kasuwa ne, an bi sawun Amurka: ɗan barkwanci Carequinha ya yi Circo Bombril a tashar Tupi tun farkon shekarun 1950, kuma Bombril kamfanin soson ƙarfe ne na wanke tukwane, alamar cewa uwar da ke bayan yaro ake yi wa magana. A Faransa talabijin ta gwamnati ce, ba a fara tallan hajar kamfanoni ba sai 1968, don haka shirin wasan tanti na La Piste aux étoiles ya yi shekaru yana gudana ba sunan kowa a kansa. A Ingila BBC ba ta talla sam, kuma da aka buɗe ITV, kafar 'yan kasuwa, a 1955, doka ta ba kamfani damar sayen lokacin talla kawai, ban da mallakar shiri.

Talabijin ba ta iso Najeriya ba sai 1959 a Ibadan, Kaduna kuma 1962, lokacin da wannan yayi ya riga ya ja baya.

Dabbobin fa?

An nuna karnuka, dawaki, birai da giwaye, kuma a lokacin ba kasafai ake tambayar yadda aka horar da su ko yadda ake tsare su ba. Tambayar ta zo daga baya, da ƙarfi. Ringling, ayari mafi girma a Amurka, ya sallami giwayensa a 2016, ya rufe a 2017, ya dawo a 2023 ba dabba ko ɗaya.

Me ya kawo ƙarshen waɗannan shirye-shirye?

Kuɗi ne kan gaba. Awa guda kai tsaye, da makaɗa, da sababbin 'yan wasa kowane mako, da dabbobin da sai an ɗauko su, ta fi tsada nesa ba kusa ba a kan tsohon zanen barkwanci da za a saya sau ɗaya a yi ta maimaitawa. Shi kansa Claude Kirchner, bayan Super Circus, ya koma gabatar da irin waɗannan zane-zane a wata tashar New York, sanye da kayan sarkin fage, da 'yartsana guda a gefensa.

Sai kuma Disney. A Oktoban 1955 ABC ta fara The Mickey Mouse Club, wanda aka ɗauka a fim, ake nunawa kwana biyar a mako, kamfanoni da yawa na raba tallansa. Wasan tanti ya koma kwana ɗaya a cikinsa, ranar Alhamis. Kamfanin kayan wasa na Mattel ya zuba dala 500,000 don talla ta shekara guda cur, kusan darajar kamfanin gaba ɗaya, ya kuma ci riba, abin da ya nuna ba sai ka mallaki shiri za ka mallaki hankalin yara ba. Badaƙalar maguɗi a shirye-shiryen kacici-kacici, inda aka gano ana ba wasu 'yan takara amsa tun kafin wasa, a ƙarshen shekarun 1950 ta ƙara sa kafofi suka karɓe iko daga hannun masu ɗaukar nauyi. A watan Yulin 1956, wata guda bayan rufe Super Circus, Ringling ya yi wasansa na ƙarshe a ƙarƙashin tanti a Pittsburgh, ya koma manyan zaurukan birni.

Ana iya kallon su yau?

Kaɗan daga ciki. Tef ɗin ɗaukar bidiyo bai fito ba sai 1956, don haka hanyar adana shirin kai tsaye ita ce kinaskof: a kafa kyamarar fim gaban allo ta ɗauki abin da ke fitowa. Ana yin haka ne don aika wa tashoshin da layi bai kai gare su ba, ko don mai ɗaukar nauyi ya tabbatar an yi tallansa yadda ya biya. Da yawa an zubar bayan sun gama aiki. Waɗanda suka tsira suna gidajen adana tarihi irin su Museum of Broadcast Communications da ke Chicago da Paley Center, wasu kuma an ɗora su a YouTube da Internet Archive. Mai nema ya rubuta sunan shirin tare da na kamfanin, kamar Super Circus da Kellogg's, ko Big Top da Sealtest, domin sau da yawa guntun tallan aka yanke aka ɗora shi kaɗai.